Uwa, Jika da Takardar Biza



Sa'ad da takardar gayyatarku ta iso mini, abin da aka nema shi ne in yi magana a kan yadda masu ilminmu ke ƙaura zuwa ƙasashen waje, watau likitoci da nas-nas da injiniyoyi da malaman jami'a. Na ga an sha yin wannan magana a zaure irin wannan, kuma kullum ɓangaren matafiyin ake duba. Saboda haka na roƙi Shugaba ya bar ni in juya baya, in dubi waɗanda aka bari a gida, uba da uwa, da abin da ke samunsu ran da suka ɗaura niyyar zuwa su ga ɗansu su komo. Magana ce ta takarda guda, wadda ake kira bizar ziyara. Amma in kun yi haƙuri za ku ga a cikin takardar nan akwai zumunci, akwai siyasa, akwai kuma laifinmu mu da kanmu.

Bari in fara daga Fanshekara, gama can na ga abin da idona. Duk wanda ya san wannan gari ya san ruwa da masana'antu ne suka raya shi: ga Kogin Calawa da gidan ruwan da ke shayar da Birni, ga rukunin masana'antu na Calawa, ga Sharaɗa a kan hanyar shiga gari, Bompai kuwa, wadda ta girme su duka, tana can gabas. A shekarun 1970 da farkon 1980, in jiniya ta yi kuka da asuba, sai ka ga kekuna kamar fari sun nufi masaƙu da majemu da gidajen roba da na alewa. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, ga ƙarancin lantarki, ga atamfar waje tana kwararowa, masaƙun nan suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani dattijo, maƙwabcinmu, ba zan ambaci sunansa ba, wanda ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aikin injin saƙa a Sharaɗa. Da aka sallame su, ɗan abin da aka ba shi ya sayi gona a bakin kogi, ya shiga noman rani, da kuɗin tumatir da latas ya karantar da 'ya'yansa. Babbar 'yarsa ta zama nas, ta yi aure, aiki ya kai ta da mijinta wata ƙasa ta Turai. Ana nan, Allah Ya ba ta ciki na fari.

To, kun san al'adarmu. Mai cikin fari gidansu take komawa goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego safe da yamma, a dama mata kunu, a gasa cibiyar jariri, a yi suna ran bakwai, sai ta yi arba'in ta koma ɗakinta. (Likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun yi gargaɗi game da yawan kanwa da kwanciya a kan gadon wuta, cewa suna jawo wa masu jego ciwon zuciya, kuma gaskiyarsu ce, amma ba wanda ya taɓa cewa a raba mai jego da uwarta.) Yarinyar nan ba ta da halin barin aiki ta zo gida, don haka aka shirya uwar ce za ta je. Aka yi fasfo, aka cika takardu, surukin ya rubuto wasiƙar gayyata ya ce shi zai ɗauki kuɗin jirgi da ci da sha, aka biya kuɗin biza, tsohuwa ta shiga mota ta tafi Abuja aka ɗauki hoton yatsunta. Ta soya yaji, ta daka garin kunu, ta ɗinka zanen goyo. Bayan 'yan makonni amsa ta fito: an hana.

Ni aka kawo wa takardar in karanta musu, kuma har yau ban manta da dalilan ba. An ce ba ta nuna tana da aikin albashi ba. An ce ba a ga kuɗi na shiga da fita a asusunta na banki ba. An ce ba ta da wata kadara da sunanta. Sa'an nan aka ce tun da tana da 'ya da ke zaune a can, jami'in bai gamsu ba cewa za ta komo in ziyararta ta ƙare.

Ku duba wannan da kyau. Matar nan tana da miji a Fanshekara, tana da 'ya'ya shida a gabanta, autan bai gama firamare ba. Tana da awaki, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ce uwar adashin unguwarsu, mata kusan talatin ke kawo mata zubi kowace Juma'a. In ta kwana biyu a Wudil wajen biki hankalinta ya tashi. Wadda ta fi ta ɗaure da gida sai an tona. Amma ba ɗaya daga cikin igiyoyin nan da ke rubuce a takarda. Gidan da take ciki na mijinta ne, shi ma takardar dagaci gare shi. Kuɗinta a kwalla suke. Abu ɗaya da ke rubuce sarai, watau cewa tana da 'ya a Turai, shi ne dalilin tafiyar, shi ne kuma aka mayar hujjar hanawa. Ran suna aka yanka rago a Fanshekara, aka raɗa suna a can, kaka ta ga jikanta ta gilashin waya.

Kada ku ɗauka mugun hali ne na jami'i guda. Doka ce ta ɗora shi a kan wannan hanya, kuma ya kamata ɗalibi ya san dokar. A Amurka, dokar shige da fice ta 1952 tana da wani sashe, 214(b), wanda ya ce duk mai neman bizar ziyara a ɗauke shi a matsayin mai niyyar zama dindindin, sai in shi ne ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Watau an juya ƙa'idar da muka sani a kotu: a nan wanda ake zargi shi ke kawo shaida, ganawar kuwa sau da yawa ba ta wuce 'yan mintoci. A Ingila ma ana so mai nema ya tabbatar shi baƙo ne na gaskiya wanda zai fita kafin wata shida su cika.

Ba haka abin yake ba tun asali. Kafin dokar 1962, ɗan ƙasar Kwamanwel yana shiga Ingila ya zauna ba shamaki. Bayan ta ma, mai ziyara daga Nijeriya ba ya bukatar biza, a filin jirgi ake yi masa tambayoyi. Sai a 1986 Gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da ɗora biza a kan 'yan ƙasashe biyar, Indiya da Pakistan da Bangaladash da Gana da Nijeriya, tamu ta fara aiki a farkon 1987. Tun daga nan ƙofa take ƙara tsukewa. A watan Yuli na 2012 aka sake ƙa'idar ɗauko iyaye tsofaffi su zauna tare da 'ya'yansu: sai an nuna tsohon ba ya iya wanka ko sa tufafi ko dafa abinci da kansa, kuma ba zai sami mai kula da shi a ƙasarsa ba ko da kuɗin da ɗan zai aiko. Wane tsoho ne a Kano za a ce ba shi da mai ba shi ruwa? Sa'an nan a 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana bizar ziyartar dangi. A wannan shekara har an yi shawarar a riƙa karɓar jinginar fam 3,000 daga baƙin wasu ƙasashe, har da Nijeriya, amma da surutu ya yi yawa aka janye.

A nan akwai wani abu da na ga mutane ba su lura da shi. Da aka toshe ƙofar zama, sai zargi ya koma kan ƙofar ziyara. Jami'i yana cewa a ransa: tsohuwar nan ba ta da hanyar zama ta halal, saboda haka watakila da bizar ziyara take so ta shiga ta maƙale. Gwargwadon yadda uwa ta tsufa, ko mijinta ya rasu, ko 'ya'yanta suka yi yawa a waje, gwargwadon haka zargi ke ƙaruwa. Ke nan wadda ta fi bukatar ganin 'ya'yanta ita ce ta fi wuyar samun izini.

Amurka kuwa al'amarinta ya dinga hawa da sauka tamkar farashin hatsi. A farkon 2020 an hana 'yan Nijeriya bizar zama, a Janairun 2021 aka ɗage. A 2023 aka mayar da bizar ziyara ta shekara biyar. A Yulin 2025 aka rage ta zuwa wata uku, shiga ɗaya. A Disamban 2025 aka fitar da sanarwar da ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ziyara da ta karatu daga farkon 2026, 'yan Nijar kuwa aka rufe musu ƙofa baki ɗaya. Tsohuwar da ke shirin zuwa jego ba ta san an yi zaɓe a wata ƙasa ba, amma zaɓen ya san da ita.

Don kada a ce ba mafita, ku dubi Kanada. A Disamban 2011 ta ƙirƙiro wata biza ta musamman domin iyaye da kakannin 'yan ƙasa da masu izinin zama. Da farko ana iya zama har shekara biyu a shiga ɗaya, a 2022 aka kai shi shekara biyar. Sharaɗinta shi ne ɗan ya nuna samunsa ya kai wani mizani, likita ya duba tsohon, a kuma saya masa inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla dalar Kanada 100,000. Da tsada, ba shakka, kuma ɗan da ke gadi ko tuƙin tasi ba lalle ya kai mizanin ba. Amma aƙalla an faɗi ainihin abin da ake tsoro, watau kuɗin asibiti, an kuma sa masa farashi, maimakon a bar tsohuwa tana ƙoƙarin tabbatar da abin da ke cikin zuciyarta.

Duk wannan da na faɗa game da wanda ya tafi da ƙafarsa ne, da fasfonsa a aljihu. In uwa ba ta je ba, shi yana iya tara kuɗi ya zo hutu. Ɗan gudun hijira fa? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ba shi kariya saboda yana tsoron komawa ƙasarsa, kuma ita ce ta ce kariyar tana faɗuwa in ya koma ƙarƙashin inuwar ƙasar da ya guje wa da son ransa. Takardar tafiya da ake ba shi a maimakon fasfo galibi tana aiki ko'ina ban da ƙasarsa ta haihuwa. In ya zo jana'izar ubansa, yana iya rasa mafakarsa. Dokokin haɗa iyali kuwa, a yawancin ƙasashen Turai, mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba suke nufi. Uwar baligi ba ta cikin lissafi. In kuma ta nemi bizar ziyara, sai a ce: ƙasar da ɗanki ya gudu daga cikinta saboda haɗari, me zai sa ke ki koma? Gaba kura, baya sigaki. Shi ya sa za ku ji iyali sun haɗa kuɗi an yi mahaɗa a wata ƙasa ta uku. Ga Musulmi, Umra ta zama wurin irin wannan saduwa: uwa ta taso daga gida, ɗa ya taso daga Turai, su yi kwana goma tare a Makka da Madina, su rabu a Jidda.

Wannan ba labarin wasu mutane ne na nesa ba. Tun 2013 akwai 'yan Nijeriya a sansanin Minawao a arewacin Kamaru, akwai su a jihar Diffa ta Nijar, daga 2019 kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Su ba biza ce ta raba su da iyayensu ba, hanya ce da rashin kuɗin mota. Amma rabuwar iri ɗaya ce.

Yanzu bari mu ɗauki madubi, don laifi tudu ne. Kano garin baƙi ne. Yawancin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa da hannun Kwara da Indiyawa da Sinawa a cikinsu, kuma ba mu taɓa jin mai masana'anta ya kasa kawo mahaifiyarsa ta sha iskar hunturu a Nasarawa ba. Amma ku tambayi leburan majema da maigadin ƙofa, wanda ya zo daga Damagaram ko Tawa ko Cadi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Duk da haka, ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka ƙiyasta kusan mutum miliyan biyu suka fita. A 1985 aka sake. Mun kafa hujja da cewa Gwamnatin Busia ta yi wa namu haka a Gana a 1969, Hausawan zango da Yarabawa suka dawo da ƙunshi a ka. An rufe iyakokinmu na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane lokaci ana maganar shinkafa da fetur da tsaro. Ban taɓa jin an tashi a majalisa an yi maganar tsohuwar Maraɗi da ta zo Jibiya za ta jegon 'yarta a Kano aka mayar da ita ba, alhali harshenta da na mai tsaron shingen ɗaya ne.

Laifinmu na biyu ya fi kusa. Zargin da ake yi mana ba daga sama ya faɗo ba. Akwai waɗanda aka ba wata shida suka shekara shida. Akwai 'yan cuku-cuku da ke zaune a bakin ofisoshi suna ƙera takardar banki da ta aiki, su rubuta wa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba cewa ita darakta ce a kamfani. Ku gaya wa iyayenku: a Ingila wanda aka kama da takardar ƙarya ana iya hana shi shiga har shekara goma, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma duk wanda ya maƙale ya ƙara wa uwar wani nauyi.

To, me ya rage gare ku? A cikin zauren nan wasu za su tafi waje, ko mun so ko mun ƙi. Kafin ku tafi, ku mayar da rayuwar iyayenku rubutacciya. Ku buɗe wa uwa asusu da sunanta, kuɗin sana'arta su riƙa bi ta ciki, ba wai a zuba mata dunƙule guda ana gobe za a nemi biza ba, gama wannan shi ne abin da jami'i ya fi zargi. Ku nemi takardar gida da ta gona ta hukuma. Ku daidaita sunanta da shekarunta a katin ɗan ƙasa da fasfo da takardar haihuwarku. Hauwa a nan, Kulu a can, Maijidda a wata takardar, mu mun san mutum ɗaya ce, Bature bai sani ba. In ta taɓa zuwa Hajji ta dawo, ku adana tsohon fasfon, shaida ce. Ku nemi kwanakin da ake bukata kawai, in kuma an bayar, ta komo kafin ranar.

Wasunku kuwa ba za su tafi ba, za su zauna a teburin Hukumar Shige da Fice, ko Ma'aikatar Harkokin Waje, ko ofishin filaye, ko Hukumar Ƙidaya. Ku ne za ku sa takardar gonar talaka ta fito cikin wata ko cikin shekara biyar. Ku ne za ku zauna da jakadun ƙasashen da ke ɗiban nas-nas ɗin da muka horar da kuɗinmu, kuma ban ga abin da zai hana a sa maganar bizar iyaye, mai tsawo, mai shiga da yawa, a cikin duk wata yarjejeniya ta ɗaukar ma'aikatan lafiya ba. Wanda ya karɓi hannun 'ya yana jinyar tsofaffinsa da shi, ba abin kunya ba ne a ce masa ya bar tsohuwarta ta zo ta ga jika. Ku ne kuma wata rana wata tsohuwa za ta tsaya a gabanku a Kongwalam ko Maigatari, da ƙullin daddawa da kuka, ba ta da ko takarda ɗaya, ta ce 'yarta ce ta haihu a Fanshekara.

Maƙwabciyarmu dai ba ta fid da rai ba. An buɗe mata asusu, ana zuba kuɗin man gyaɗa a ciki duk mako, mijinta kuma yana ta zirga-zirgar takardar gida. Fasfon na shekara biyar ne, biyu sun riga sun tafi. Yaron ya fara tafiya, an ce yana kiranta Hajiya in ya gan ta a waya, ko da yake ba ta taɓa hawa jirgi ba.

Malam Shugaba, na ci lokaci. In akwai tambaya, ga ni.